Me Ya Sa 'Ya'yanmu Suke Gudun Ajin Kimiyya?

A wannan fitowa za mu ajiye maganar taki da farashin masara tukuna, mu duba irin karatun da 'ya'yanmu suke zaɓa, gama shi ma ya shafi gonakinmu.

Kowace shekara, sa'ad da yara suka gama aji uku na ƙaramar sakandare za su shiga babbar sakandare, akan raba su kashi-kashi. Wasu su tafi ajin kimiyya, wasu ajin adabi da zaman jama'a, wanda yara suke kira ajin at, wasu kuma ajin kasuwanci. Yaron yana da shekara 14 ko 15. Sau da yawa uban yana fadama, uwar tana kasuwa, ba wanda ya san an yi rabon sai bayan an gama. Ga shi kuwa a ranar nan ne ake rufe wa yaro ƙofofi masu yawa. Yarinyar da take so ta zama nas ko unguwarzoma, sai ta sami kiredit a Turanci, da lissafi, da fiziks, da kemistiri, da bayoloji. Wanda zai karanta aikin gona a jami'a ba zai shiga ba sai da kemistiri. Mai son injiniya sai da lissafi da fiziks da kemistiri. Wanda bai ɗauki darussan nan tun daga aji ɗaya na babbar sakandare ba, komowa gare su daga baya yana da wuya ƙwarai, yana kuma cin kuɗi da shekaru.

Ba mu raina sauran azuzuwan ba. Muna bukatar lauyoyi, da malamai, da masu riƙe littafin kuɗi, ƙungiyoyinmu ma sun san daɗin akawu mai gaskiya. Amma duk wanda ya zaga ekklesiyoyinmu na ƙauye, daga Gubuchi zuwa Saulawa, daga Janfalan zuwa Likoro, ya tambayi matasa abin da suka karanta, zai ga masu kimiyya kaɗan ne, mata a cikinsu kuma sun fi ƙanƙanta.

Ina ruwan manomi?

Masu noman rani ba su manta da shekarar 2016 ba. A shekarar nan wata 'yar ƙaramar tsutsa, wadda wasu suka sa wa suna Ebolar tumatir, ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Mutane suka yi ta feshi da duk maganin da mai shago ya miƙo musu, kuɗi ya tafi, tumatir ma ya tafi. A shekarar nan ce kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Nijeriya, mai shiga cikin zuciyar masara ta ɓoye. A irin wannan rana, ƙauyen da yake da yaro ɗaya wanda ya iya karanta abin da ke jikin kwalbar magani, ya san yawan da za a zuba a injin feshi mai lita 16, ya kuma san wanda za a tambaya a Samaru, ya fi ƙauyen da ba shi da kowa.

Haka yake ga injin ban ruwa da ya tsaya a tsakiyar rani, da rijiyar burtsatse mai sola da ta mutu aka rasa mai gyara, da shanun huɗa da suka kamu da ciwo, da mace mai naƙuda da tsakar dare. An kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara tun farkon shekarun 1980. A Makarfi akwai makarantar koyon aikin lafiya mai sunan Shehu Idris. A Ikara akwai sakandaren kimiyya ta gwamnati. Daga Hunkuyi zuwa Samaru bai kai tafiyar awa guda a mota ba, a can kuwa akwai Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da Cibiyar Binciken Aikin Gona wadda ta girme ta da shekara 40, ga kuma cibiyar binciken dabbobi a Shika. Ƙasashe da yawa a Afirka ba su da irin abin da ke bakin ƙofarmu. To, me ya hana 'ya'yanmu shiga?

Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne

Mu fara kawar da wannan. Yaron da ake ce wa ba ya gane lissafi, shi ne a kasuwar rake ta Makarfi yake ƙirga dami, ya cire kuɗin mota da na 'yan dako da na dillali, ya faɗi abin da ya rage kafin babba ya gama danna waya. Yarinyar da ta faɗi jarrabawa ita ce take sayar da ƙosai, ba ta taɓa ɓatar da canji ba.

Tarihin wannan ƙasa tamu ma shaida ne. Bayan 1913, Kiristocin farko daga cikin Isawa suka kafa zama a Gimi, nan cikin ƙasar Makarfi. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka watse. Ciwon nan ne ya sa a 1937 aka soma babban aiki a Anchau, aka sare kurmi a bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A Anchau ɗin nan, wadda a da take cikin ƙaramar hukumar Ikara, aka haifi Ishaya Audu a 1927. Ya yi karatu a Wusasa, ya zama likitan yara, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Kafin shi akwai Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, wanda babban asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da sunansa. Mutanen nan Hausarmu suka tashi da ita, tuwonmu suka ci.

Maƙwabtanmu na Kano su ma sun gwada abin. A 1977 suka ga ba su da likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, sai suka buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, suka zaɓo yara da jarrabawa, har da 'ya'yan talakawa na ƙauye, suka ba su malamai da ɗakin gwaje-gwaje. Cikin 'yan shekaru yaran nan suka cika azuzuwan likita da injiniya a jami'o'i. Yaran dai su ne na jiya, wurin zamansu ne aka sake.

Abin da ke cikin zuciyar yaro

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Albert Bandura, ya yi rubutu a 1977 a kan abin da yake sa mutum ya tunkari aiki mai wuya ko ya guje shi. Ya ce ba iyawa kaɗai ke aiki ba, har da abin da mutum ya gaskata game da iyawarsa. Yara biyu masu ƙwaƙwalwa ɗaya, ɗaya yana cewa a ransa zan iya, ɗaya yana cewa ba irina ba ne. Na farko in ya faɗi sai ya sake gwadawa. Na biyu in ya faɗi sai ya ce dama na sani. Bayan shekara uku sai a ga tazara a tsakaninsu, mutane su ce wannan haziƙi ne, wancan daƙiƙi.

Daga ina wannan zan iya yake fitowa? Bandura ya ce abin da ya fi ƙarfi shi ne yaro ya taɓa yin abu da kansa ya ga ya yi nasara. Sa'an nan ganin wani irinsa ya yi, da maganar da manya suke faɗa masa, da kuma yadda jikinsa yake ji sa'ad da ya fuskanci aikin, ko kwanciyar rai ko faɗuwar gaba.

Mu ɗauki faɗuwar gaba. A makarantu da yawa darasin lissafi shi ne darasin bulala. Malam ya rubuta a allo, ya kira yaro, yaro ya yi kuskure, a zane shi a gaban aji, 'yan'uwansa su yi dariya. Zuciyar da take jin tsoro ba ta riƙe lamba. Wannan kowa ya sani, gama ko babba in ɗan sanda ya tsare shi da tsawa yakan manta lambar wayarsa. Lissafi kuwa kamar ginin ƙasa yake, sahu bisa sahu. Yaron da ya tafi girbi sati uku a lokacin da ake koyar da rabawa, in ba wanda ya koma da shi baya, duk abin da aka ɗora a kai zai karkace. Ba zai ce ban zo ranar da aka koyar ba. Zai ce ni ba na gane lissafi. Da wannan magana zai girma, da ita kuma zai zaɓi aji.

Ga kuma maganar harshe. Yaronmu yana fama da abu biyu a lokaci ɗaya, Turancin da aka faɗi abin da shi, da kuma abin kansa. Sau da yawa Turancin ne ya kayar da shi, amma kimiyya ake ɗora wa laifi. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Ile-Ife suka gwada koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa ana koyar da shi a matsayin darasi. Yaran nan suka fi waɗanda aka koyar da Turanci gane darussa, a Turancin ma ba a bar su a baya ba. Saboda haka wanda ya zauna da ƙanensa da yamma ya fassara masa darasin bayoloji da Hausa bai ɓata masa karatu ba. Taimakonsa ya yi.

Sai maganar baki. A shekarun 1960 wasu masu bincike biyu, Rosenthal da Jacobson, suka je wata firamare a Kalifoniya. Suka gaya wa malamai cewa gwaji ya nuna waɗansu yara, kamar ɗaya cikin biyar, za su yi fice a shekarar. Alhali kuwa sunayen nan da ka aka zaɓo su, kamar ƙuri'a. Da shekara ta ƙare, a ƙananan azuzuwa yaran nan suka fi sauran ci gaba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna tasirin bai kai girman yadda aka fara zato ba, amma yana nan, ya kuma fi ƙarfi a kan yaran da aka saba rainawa. Malamin da ya sa rai ga yaro yakan ƙara masa lokaci, ya jira amsarsa, ya sake yi masa bayani. Wanda ya fid da rai yakan wuce shi.

To, mu saurari abin da ake faɗa a tsakar gida. Kan jaki. Duk gidan nan ba mai kan boko. Kimiyya ta 'ya'yan masu kuɗi ce. Kai dai ka samu ka gama ka zo mu yi noma. Uba yakan faɗi haka cikin gajiya, ya manta kafin gari ya waye. Yaron ba ya mantawa. Manomin da ba zai zuba gishiri a gindin shukarsa ba, bai kamata ya zuba irin wannan magana a kunnen ɗansa ba.

Abin da ido yake gani

Yaro ba ya mafarkin aikin da bai taɓa gani ba. A Ingila, tun daga 2009, wasu masana a Landan suka bi dubban yara daga shekara 10 zuwa 14 suna tambayarsu. Suka tarar yawancin yaran suna jin daɗin darasin kimiyya, amma kamar 15 ne kawai cikin 100 suke so su zama masana kimiyya. Waɗanda suka fi so kuwa su ne masu wani a gida ko a dangi da yake irin aikin, ko gidan da ake hirar irin waɗannan abubuwa. Sauran suna cewa abin yana da daɗi, amma ba na irinmu ba ne. In haka yake a ƙasar da kowace makaranta take da wuta da ɗakin gwaji, ina ga Paki ko Gazara?

Wa yaronmu yake gani? Yana ganin Fasto da mai bishara, yana ganin malamin firamare, da soja ko ɗan sanda da ya zo hutun Kirsimati da sabon babur, da ɗan acaɓa da yake kawo kuɗi gida kowace yamma. Duk waɗannan aikin halal ne. Amma bai taɓa zama da mai auna jini a asibiti ba, ko mai binciken iri, ko mai zana gada. Waɗanda suka yi karatun daga cikinmu sukan zauna a Zariya da Kaduna da Abuja, in sun zo gida kwana biyu ne, a gaisa da dattawa, a ba da gudummawar ginin majami'a, a koma. Ba wanda ya ce musu su zauna da yaran makarantar Lahadi rabin awa su faɗi yadda aikinsu yake.

Wani abin kuma, a kunnen iyaye da yawa kimiyya tana nufin abu biyu ne kawai, likita ko injiniya. Wannan yana ɓarna ta hanya biyu. Yaron da ya ga ba zai sami makin likita ba sai ya bar kimiyyar gaba ɗaya, bai san akwai aikin auna jini, da haɗa magani, da duba ido, da lafiyar dabbobi, da binciken ƙasa, da sarrafa abinci, da gyaran injuna, da haɗa sola, da aikin kwamfuta ba. Wani kuma iyaye su tilasta masa, dole sai likita, don a riƙa kiran uwarsa maman dokta a zumuntar mata. Ya rubuta jarrabawar shiga jami'a shekara uku yana faɗuwa, ransa ya mutu, alhali da an bar shi ya shiga foliteknik da tuni yana cin abincinsa. Jelani Aliyu na Sakkwato, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, a foliteknik ta Birnin Kebbi ya yi karatu. A ganinmu tilastawa da hanawa duk jirgi ɗaya ya kwaso su, gama a duka biyun ba a dubi yaron ba.

Aikin gona kuwa shi ya fi shan raini, abin mamaki har a bakin manoma. A makaranta in yaro ya yi laifi, fartanya ake ba shi. A gida ana ce masa yi karatu don kada ka ƙare kamar ni. Yaya zai zaɓi ya karanta abin da aka nuna masa horo ne? Amma ga misali. A watan Disamba na 2019 aka fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa suka yi aiki a kansa a Samaru, wanda tsutsar da take huda kwanson wake ba ta iya cinsa, har feshi ya ragu daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu. Mun san akwai 'yan'uwa da ba su yarda da irin da aka sarrafa ta wannan hanya ba, ana ta muhawara a kai. Wannan ma dalili ne. Ya kamata a ce muna da namu 'ya'yan da suka san abin ciki da waje, waɗanda za su zauna da mu a taron ƙungiya su yi mana bayani da Hausa, maimakon mu dogara ga jita-jitar waya.

Akwai kuma masu tsoron kada kimiyya ta raba yaro da bangaskiya. Muna tuna musu Bezalel a Littafin Fitowa sura 31, wanda Allah ya ba gwanintar aikin ƙarfe da dutse da itace, da Yusufu wanda ya lissafa hatsin shekara bakwai a Masar, da Luka likita. Farfesa Ishaya Audu kansa da aikin bishara ya ƙare kwanakinsa.

'Yan mata

A nan nauyin ya ninka. Yarinya takan dawo daga makaranta ta tarar da ɗiban ruwa, da surfe, da raino, da talla, yayanta namiji kuwa yana da lokacin buɗe littafi ko bai buɗe ba. Kimiyya tana son a zauna a yi ta gwada lissafi kowace rana, ba a haddace ta daren jarrabawa. Sa'an nan ga maganganu. Fiziks na maza ne. Wa zai auri mace mai dogon karatu? Kuɗin da aka kashe a kanta gidan wani zai tafi. In kuɗi ya gaza, ita ake fara cirewa.

Amma iyayen nan su ne, in matarsu ko 'yarsu za ta haihu, suke neman a sami mace ta duba ta. Daga ina macen za ta fito? Makarantar aikin lafiya tana nan Makarfi, ba sai an haye teku ba, amma ba ta karɓar wadda ba ta da kemistiri da fiziks. Uwa da yawa tana burin 'yarta ta zama nas, ba ta san an riga an rufe hanyar tun ranar da aka tura yarinyar ajin at don ƙawayenta suna can ba.

Ga waɗanda suka riga suka yi aure, muna ba su labarin Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero a Kano. Ta yi aure bayan sakandare, ta haifi 'ya'ya, sai da ta kusa shekara 30 ta shiga jami'a. Ta karanta fiziks, a 2015 kuma aka ba ta lambar yabo ta duniya saboda bincikenta a kan sararin sama.

Kuɗi, tsoro da abokai

Ba za mu ɓoye ba, ajin kimiyya ya fi tsada. Littattafansa sun fi yawa, ga kuɗin gwaje-gwaje, makarantun ƙauye da yawa kuma ba su da malamin fiziks ko kemistiri, sai an tura yaro gari ko makarantar kwana. Yaro mai hankali yana ganin rumbun ubansa, yakan zaɓi abin da ya san za a iya biya ba tare da ya faɗa wa kowa dalili ba. Tun 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗaliban manyan makarantunta da na jihohi rance marar ruwa, amma wannan bai shafi sakandare ba, a sakandare kuwa yawancin namu suke faɗuwa.

Tsoro ma ya shigo. A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka kai hari sakandaren kimiyya ta Ikara da dare. Allah ya kiyaye, jami'an tsaro suka zo, hukuma ta ce dukan ɗalibai 307 suna lafiya. Amma ba mai ganin laifin uwar da ta ce ɗanta ba zai ƙara kwana a makaranta ba. Ga kuma wanda ya gama jami'a yana zaune a gida ba aiki, ƙannensa suna kallo, abokansu suna ce musu wahalar banza ce. Amsar da muke da ita ita ce, mai gyaran injin ban ruwa da mai haɗa sola da unguwarzoma ba su cika zama jiran takardar ɗaukar aiki ba.

Abin da ƙungiya za ta iya

Ba mu da ikon aiko da malamin fiziks, sai dai mu roƙa ta bakin ƙungiyar iyaye da malamai, mu kuma yi ta roƙo. Amma abubuwa da yawa da muka ambata a hannunmu suke, ba su kuma cin kuɗi.

Gona kanta makaranta ce. A ba yaro buhun kamfa ya karanta lambobin nan 15-15-15, a gaya masa kowace lamba kashi ne cikin ɗari, ya lissafa da kansa ya ga a buhu mai kilo 50 akwai kilo 7 da rabi na kowane sinadari cikin ukun. Ya duba yuriya mai lamba 46, ya gano kilo 23 ne na abincin ganye a buhu. A ba shi igiya ya auna tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da 25 tsakanin rami da rami, ya lissafa ya ga hekta guda tana ɗaukar masara wajen 53,000. A ware masa kunya huɗu, biyu da taki biyu babu, ya rubuta abin da ya gani kowane sati, ya auna abin da ya girba. Wannan shi ne ainihin abin da ake yi a Samaru, sai dai nasu ya fi girma. In makaniki ya zo kwance injin, kada a kori yara, mata da maza, a bar su su miƙa sifana. Mai dafa mazarƙwaila ya nuna musu yadda yake gane ruwan rake ya nuna. Yaron da ya yi irin waɗannan ya ga sun fita daidai, ya sami nasa zan iya, bulala kuma ba za ta ƙwace shi da sauƙi ba.

Ekklesiya ta rubuta sunayen 'ya'yanta da suke aikin lafiya, ko gona, ko injuna, ko koyar da kimiyya, a duk inda suke. In sun zo Kirsimati ko Ista, a ba su lokaci da matasa bayan sujada, su zo da kayan aikinsu in zai yiwu, su faɗi inda suka faɗi jarrabawa da yadda suka tashi, gama wannan ya fi amfani ga yaro da jin labarin nasara kaɗai. Ƙungiyar da take hayar mota zuwa biki tana iya hayar mota ta kai yaran aji biyu da aji uku Samaru ko Shika, bayan an rubuta wasiƙa an nemi izini. Gani ya kori ji. Ɗalibanmu da suke hutu su riƙa koyar da lissafi a majami'a da yamma, da Hausa, ba bulala, ƙungiya ta ba su ɗan abin sabulu. Zumuntar mata kuma ta yi shawara a kan yadda za a rage wa 'yan mata aiki awa guda kowace rana.

Game da kuɗi, ƙungiya mai mutum 40, in kowa ya ba da tiya biyu ta masara da kaka, an sami wajen buhu biyu. A ajiye su har farashi ya tashi. Ba zai kai yaro jami'a ba, amma zai sayi littattafan fiziks da kemistiri da lissafi waɗanda za su zama na ƙungiya, ana ba da aro ana karɓa, ya kuma taimaka da kuɗin jarrabawar yaro ɗaya ko biyu. A rubuta ƙa'idar zaɓen yaran tun kafin a tara hatsin, a karanta ta a gaban kowa, don kada abin ya zama na 'ya'yan shugabanni.

Muna roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su kawo wannan magana a taro na gaba, su rubuta sunayen dukan yaran mambobi da suke aji uku na ƙaramar sakandare, maza da mata. Kafin a koma hutu, uba ko uwa, ko wani dattijo a madadinsu, ya je makaranta ya ga shugaban makaranta, ya tambayi ranar da za a raba azuzuwa, da makin yaron a lissafi da kimiyya, da ko makarantar tana da malaman fiziks da kemistiri. In ba ta da su, a sani tun da sauran lokacin neman canjin makaranta. Sa'an nan a zauna da yaron a tambaye shi abin da yake so, a bar shi ya gama magana kafin a amsa.